Tatsuniya Cikin Zane da Koyon Karatu

1. Mafari

Tatsuniyoyin Turawa, kamar gatanar da muka sani, daga baki suka fito. Charles Perrault ya buga nasa a Faransa a 1697, ƴan'uwan nan biyu Grimm kuma suka fitar da kundinsu na farko a Jamus a 1812. Daga baya masu zane suka mayar da su littattafan da ake bin labarinsu ta jerin hotuna, kowane hoto cikin ɗan akwatinsa. Abin da ya dame mu a nan shi ne matsayin harshe a cikin irin wannan littafi.

2. Sabunta labari

Mai zane yakan riƙe ƙashin labari, ya sauya masa wuri da zamani. A cikin Snow White na Matt Phelan (2016), an kai labarin birnin New York, wadannin nan bakwai suka koma yaran titi, kuma shafuka da dama ba su da kalma ko ɗaya. A Rapunzel's Revenge (2008), yarinyar da aka kulle ta mayar da dogon kitsonta igiya da makami. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Hausa: Abubakar Imam ya ɗauko wasu labaran Grimm ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce.

3. Mazaunin harshe

Rubutu yana zama a wuri uku. Na ɗaya, ɗan layin mai ba da labari a saman hoto. Na biyu, da'irar da ke fitowa daga bakin mai magana, wadda ke ɗauke da zancen yau da kullum, gajere. Na uku, kalmomin amo da ake zanawa cikin hoton kansa. A nan Hausa tana da arziki, domin amsa-kama irin su tim, fir da tsulum sun dace da wurin.

4. Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci

(a) An saba rubuta maganar da'ira da manyan baƙaƙe, alhali ɗalibi ƙanana ya fi gani a littafinsa na farko. Idan lanƙwasar Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ ta ɓace a hannun mai zane, ƙafa ta zama kafa, ɗaki ya zama daki.

(b) Waƙar da ke tsakiyar gatana, da amshin masu saurare, ba sa shiga hoto. Sai malami ya maido su da bakinsa.

(c) Yaro mai wayo yana iya bin hoto ya faɗi labari daidai bai karanta komai ba, malami ya zaci ya iya. Saboda haka ya kamata mai tsara littafi ya ajiye wani abu, kamar dabarar da gizo ya ƙulla a ransa, wanda ba a saninsa sai an karanta da'irar. Ta haka hoto zai jawo yaro, rubutu kuma ya biya shi ladan wahalarsa.