Shuni, Kurkum da Cutar Soriyasis

Yau maganar fata za mu yi, kan cutar da likitoci ke kira soriyasis da magungunan da ake nema mata a cikin tsirrai.

Fatar mai lafiya takan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. A jikin mai soriyasis kuwa, garkuwar jiki ce ke ruɗewa, ta yi ta aika saƙon yaƙi alhali babu abokin gaba, sai fata ta riƙa tofowa cikin 'yan kwanaki. Sabuwa ta hau kan tsohuwa, wuri ya yi kauri, ya yi ɓawo fari-fari a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa ko fatar kai. A jikin baƙar fata cutar ba ta cika yin ja ba, duhu take yi, shi ya sa ake zaton makero ne ko kyasbi, wasu ma su ce kuturta ce su guji bawan Allah. Ku saurara da kyau: ba ta yaɗuwa. Ku gaisa da mai ita, ku ci kwano ɗaya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da ita.

Tsirrai sun daɗe a fagen maganin wannan cuta. A 1876 wani likita a Landan, Balmanno Squire, ya gwada garin wata bishiya ta ƙasar Barazil, ya ga ɓawon yana kwanciya. Daga nan aka samo man ditiranol. Wata ciyawa ta bakin kogin Nilu a Masar ita ta ba da sinadarin soralen, wanda tun 1974 ake haɗa shi da haske na musamman a asibiti.

Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne shuni. Eh, shunin rini. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun daɗe suna aiki da shi, kuma ana samunsa daga tsirrai iri-iri, ciki har da dangin baban da marina suka sani a Ƙofar Mata ta Kano. A 2008, Dakta Yin-Ku Lin da abokan aikinsa a asibitin Chang Gung na Taiwan suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 42. Kowane majinyaci an shafa masa man shuni a tabo ɗaya, a ɗaya tabon kuma mai maras magani, har mako 12. Inda shuni ya taɓa, sauƙi ya kai kusan kashi 81 cikin 100. Ɗaya wajen, kashi 26. Sinadarin da ke wannan aiki, indirubin, yana rage gaggawar fata, yana kuma kwantar da saƙon kumburin da garkuwar jiki ke aikawa.

Kurkum ma an gwada shi, sai dai hanji ba ya tsotsarsa sosai, gwaje-gwajen kuma ƙanana ne.

To amma don Allah kada wani ya ji wannan ya nufi karofi. Ruwan rini akwai toka a ciki, yana iya cin fatar da dama ta tsattsage. Shan shuni ya fi haɗari: a Japan an samu masu shansa don ciwon hanji da suka kamu da hawan jini na jijiyoyin huhu, wasu kuma hantarsu ta taɓu. Abin da ya mai da ganye magani shi ne tacewa da awo da gwaji. Wannan aiki ne da nake ganin jami'o'inmu za su iya, tunda baba a gonakinmu yake tsirowa.

Kai kuma mai wannan lalura, ka guji mayukan bilicin da na kasuwa marasa takardar likita. Da yawansu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Za su lafar da tabon, ranar da ka daina ya dawo fiye da da. Idan gaɓoɓi sun fara ciwo ko farce ya fara lalacewa, kada ka jinkirta, ka nemi likitan fata, ka kuma faɗa masa duk saiwa ko ganyen da kake sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.