Manhaja ta ce lafiya, amma ba a tambayi mita ba

A shagunan gyaran kwamfuta, daga Titin Beirut a Kano har Computer Village ta Ikeja, mitar awon wuta tana ƙara nisa da hannun mai gyara. Idan aka kawo kwamfutar tebur tana mutuwa da kanta ko tana sake tashi ba dalili, sai a buɗe BIOS ko manhaja irin HWMonitor, a ga an rubuta bolt 12 da ɗoriya, a ce fawa fak, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, lafiyarta lau. Daga nan sai zargi ya koma kan RAM, ko a ce wa mai kaya sai an yi fomat. A ganina wannan ɗabi'a tana jawo asarar da ba a lissafa ta.

Iyakar wutar da ake auna lafiyar fawa fak da ita ba ra'ayin wani ba ce. Tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, da yawancin gyare-gyaren da suka biyo baya, ya yarje wa manyan layukan wuta su kauce da kashi 5 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Wayar rawaya mai bolt 12 ta zauna tsakanin 11.40 da 12.60. Ja mai bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25, haka ma mai launin shuni wadda ke da wuta ko da an kashe kwamfuta. Ruwan lemo mai 3.3 tsakanin 3.14 da 3.47. Shuɗiya mai 12 ƙasa da sifili ce kaɗai aka ba kashi 10, kuma yau ba ta da wani aiki mai yawa. Layin rawaya shi ne abin lura, domin farosesa da katin hoto na zamani daga gare shi suke jan wutarsu.

Me ya sa aka koma wa manhaja? Kyauta ce, ba sai an kwance kusa ba, kuma lamba a fuskar allo tana gamsar da mai kaya. Ga yaran shago da yawa sun koyi aiki ne a kan waya da laftof, inda ba a saba zura tsinken mita a cikin filogi mai baki 24 ba. Amma manhajar ba ta auna komai da kanta. Wani ɗan guntun cif ne a kan madabod, galibi ƙirar Nuvoton ko ITE, yake karanta wutar bayan an rage ƙarfinta ta hanyar rezisto, sai manhajar ta ninka abin da ya samu da wata lamba don ta dawo da asalin adadin. Idan ba ta san lambar da ta dace da wannan madabod ɗin ba, za ta iya nuna bolt 8 a layin 12 alhali kwamfutar na aiki sumul, abin da ba zai yiwu ba. Kuskuren kuma hanya biyu yake bi: a jefar da fawa fak mai kyau, ko a wanke mai laifi.

Masu ɗan ƙoƙari sukan yi gwajin da aka saba, wato haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe a ga ko fanka za ta juya. Wannan yana nuna fawa fak ta tashi, shi ke nan. Kamar duba jaki ne yana tsaye ba kaya a ce zai kai itace kasuwa. Awon da ke da ma'ana shi ne a sa mita a ma'aunin DC, baƙin tsinke a baƙar waya, ja a rawaya, kwamfuta na kunne, sannan a ɗora mata aiki mai nauyi ana kallon lambar. Idan 12.1 ta gangara zuwa 11.2 da zarar farosesa ta ɗau zafi, an kama ɓarawo.

Ko mitar ma tana da iyakarta, kuma a nan ne yanayinmu ya shigo. Bayan matsakaicin ƙarfi akwai rawar da wutar ke yi, wadda tsarin ya taƙaita a milibolt 120 a layin 12, da 50 a layin 5 da na 3.3. Mita ta gama-gari ba ta ganin wannan rawa, sai osiloskof, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin ƙananan shaguna. Kafasitoci ne ke kwantar da ita, su kuma zafi ne ajalinsu: ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar irin waɗannan kafasitoci da rabi. A haɗa zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, a kan na'urar tokumbo da ta riga ta yi shekaru tana aiki a ofis a Turai. Irin wannan fawa fak takan nuna 12.0 cif a mita amma ta kasa riƙe wuta na kimanin milisakan 16 da ake bukata idan wutar gari ta ƙifta. Shi ya sa kwamfuta ɗaya ke mutuwa lokacin sauyawa zuwa janareta, maƙwabciyarta kuma ta wuce lafiya.

Sakamakon yana kan mai kaya. Ya biya kuɗin RAM da bai bukata, an goge masa takardun shekaru da sunan fomat, bayan mako biyu cutar ta dawo. Mutuwar kwamfuta tana tsakar rubutu kan lalata fayil, wani lokaci har da faifan ajiyar kansa. Abin ya fi ciwo a cibiyoyin jarabawa: tun 2015 da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, na'urar da ta sake tashi a tsakiyar jarabawa lokacin ɗalibi take ci da natsuwarsa. Sannan idan aka gano laifin daga baya, sau da yawa fawa fak mafi arha ake sakawa, mara nauyi a hannu, an buga mata wat 500 a jiki alhali layinta na 12 bai kai ya ɗauki haka ba. A karanta amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin 12, a ninka da 12, nan gaskiyar take.

Mai son komawa ga mita ya kiyaye abu biyu. Yawancin ƙananan kwamfutocin ofis na Dell da HP da suka cika kasuwarmu ba sa bin filogin ATX. Suna da nasu tsarin, wasu ma bolt 12 kaɗai suke fitarwa, don haka launin waya ba abin dogaro ba ne sai an duba tsarin ƙirar. Tsofaffin da suka zo daga Amurka kuma sukan zo da ɗan jan makunni a baya a kan 115, a mayar da shi 230 kafin a jona. Awo duk a bakin filogi ake yinsa. Cikin akwatin fawa fak akwai babbar kafasita da ke riƙe sama da bolt 300, kuma takan ci gaba da riƙewa bayan an zare waya daga bango.