Malam Abdullahi na Gwandu: Jarumin da ya Koma Kan Shari'a

A darasin tarihi yawanci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ɗansa Muhammadu Bello muke ambata wa yara, mu wuce ƙanen Shehu da layi ɗaya. Ni kuwa a ganina Malam Abdullahi ya cancanci darasi guda nasa. Gaskiya ne mu nan Potiskum, ƙasar Fika, ba mu shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, amma maƙwabtanmu na Katagum da Misau da Gwambe duk masu tuta ne, saboda haka labarin ba baƙo ba ne gare mu.

An haifi Abdullahi wajen shekarar 1766. Tun yana yaro ya bi wansa, ya yi karatu a hannunsa da hannun waɗansu malamai, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sa'ad da jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na shekaran nan aka gamu da rundunar Yunfa Sarkin Gobir a Tabkin Kwatto. Gobirawa na da dawaki da lifidi, jama'ar Shehu kuwa galibinsu 'yan baka ne a ƙasa. Abdullahi ne ya shugabance su, aka kuwa kori Yunfa. Cikin 1805 ya ci Birnin Kabi.

To, daga nan ne labarinsa ya rabu da na sauran mayaƙa. A hanyar zuwa yaƙin Alwasa, cikin 1805, rundunar ta washe wani gari da ke amana da su. Abdullahi ya hana, ba a ji ba. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya lura mutane sun fara mance dalilin fitowarsu, sun koma neman dawaki da riguna da sarauta. Wajen 1807 sai ya bar rundunar ya nufi gabas, da niyyar tafiya Makka.

Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, gama sun ci gari amma ba su san yadda za su riƙe shi ba. Nan ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin nan Diya'ul Hukkam, watau hasken mahukunta. A ciki ya bayyana yadda ake naɗa shugaba da abin da ya wajaba a kansa, da aikin waziri da na alƙali da sauran ma'aikata, da hukuncin yaƙi. Ya kamata mu fahimtar da yara cewa a lokacin babu majalisar dokoki irin tamu, inda wakilai ke jefa ƙuri'a. Abdullahi bai ƙago doka ba. Ya tsamo ta ne daga littattafan mazhabar Maliki, ya tsara ta yadda hakimi zai iya aiki da ita. Duk da haka aikin mai tsara doka ya yi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bai ji nauyin saɓa wa wansa a rubuce ba. Shehu ya sassauta game da kiran shugaba da sunan sarki, da kaɗe-kaɗe, da tufafin ado na masu mulki. Abdullahi ya tsananta, don yana tsoron kada a wayi gari an mai da mulkin Gobir da sabon suna. Kowannensu ya rubuta littafi ya kawo hujjarsa, ba kuwa wanda ya zare wa ɗan'uwansa takobi.

Ya komo gida, Alkalawa ta faɗi cikin 1808. A 1812 Shehu ya raba ƙasa: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga yana hukunci yana rubutu. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka naɗa Bello. An ce da Abdullahi ya iso Sakkwato sai ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya ya koma Gwandu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya ci Tabkin Kwatto, kuma da ya tara mayaƙa da an sami masu binsa. Bai tara ba. Bayan 'yan shekaru mutanen Kalambaina suka tayar masa, Bello ya kawo gudummawa, aka ci garin. Nan Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a a gaban jama'a.

Sauran kwanakinsa ya bar yawancin sha'anin yaƙi ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, shi kuwa ya zauna ga karantarwa. Tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, har yau ana karanta shi a zaurukan malamai da watan azumi. Ya rasu a Gwandu cikin 1829, ɗansa Muhammadu ya gaje shi.