Hanyoyin Raba Ruwan Masana'antu da Ƙarafa Masu Guba

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake raba ruwan dagwalon masana'antu da ƙarafa masu guba, irin su dalma da zaiba da kadmiyam da kuromiyam. A shekarar 1956 aka gano wata cuta a garin Minamata na ƙasar Japan, wadda ta samo asali daga zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku. Kifaye suka kwashe ta, mutane suka ci kifayen, da yawa suka mutu, wasu suka nakasa. Mu ma nan Kano abin ya shafe mu, domin majemun zamani na Calawa da Sharaɗa da Bompai da gishirin kuromiyam suke jima, ba da bagaruwa ba, ga shi kuma masu lambu na ban ruwa daga rafukan da dagwalon yake kwarara.

Tushen Matsalar

Ƙazantar da ta fito daga tsiro ko dabba ruɓewa take yi. Shi kuwa ƙarfe ba ya ruɓewa, sai dai a sauya masa kama, sannan a tsame shi. Saboda haka aikin hawa biyu ne.

Hawa na Farko: Ƙwayoyin Bakteriya

Akwai bakteriyar da ke rayuwa inda babu iska, tana mai da sinadarin salfet ya koma salfaid. Da zarar salfaid ya haɗu da narkakkiyar dalma ko tutiya ko kadmiyam, sai su dunƙule su kwanta kamar laka. Tun shekarar 1992 wata matatar tutiya a Budel ta ƙasar Holan ta kama wannan hanya don tsarkake ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya gurɓace. Har ila yau, wata bakteriyar tana juya kuromiyam nau'i na 6, wanda ke jawo ciwon daji, ya koma nau'i na 3, mai ƙarancin guba da sauƙin kwantarwa.

Hawa na Biyu: Tacewa da Tantani

Tantani wata 'yar siririyar rariya ce mai ƙofofin da ido ba ya gani. Mai manyan ƙofofi yana tare bakteriya da ɓurɓushin laka, amma narkakken ƙarfe yakan wuce. Wanda ya fi matsi kuwa, sai an tura ruwan da ƙarfin famfo, shi ne ke tare har narkakken ƙarfen. Aibinsa shi ne saurin toshewa da cin lantarki. Wannan ne dalilin gabatar da bakteriya, wato don ta rage wa tantanin nauyi ya daɗe yana aiki.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace litar ruwan sha, dalma kuwa 0.01. Sai dai ko ruwa ya tsarkaka, gubar tana nan cikin lakar da aka kwashe. In aka jibge ta a fili, damina za ta mayar da ita rafi, an gudu ba a tsira ba ke nan. Abin da ya dace shi ne a killace ta, ko a ciro ƙarfen a sake aiki da shi, kamar yadda majemi zai iya mai da kuromiyam ɗinsa cikin jima.