ƘARAMAR BINDIGA DA KUBENTA: ABIN DA YA KAMATA BAFATAKE YA SANI



Maganar bindiga ta yawaita a bakinmu, a kara da tashar mota. Dalili ba ɓoyayye ba ne: ɓarayin shanu da 'yan fashi sun addabi hanyoyi, mu kuwa da dukiya muke tafiya. Wasu matasanmu suna kallon hotunan mutanen Amurka a waya, kowa da libarba a ƙugu, sai su ce mu ma haka ya dace mu yi. To, mu zauna mu duba lamarin a tsanake, don kada garin neman gira a rasa ido.

YADDA ABIN YAKE A AMURKA

A can dokar ƙasa ta ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Hanya biyu suke ɗaukar ƙaramar bindiga: ko a rataye ta a fili kowa yana gani, ko a ɓoye ta ƙarƙashin tufafi. Kowace jiha da nata sharaɗi. A 2022 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci cewa 'yancin ya haɗa da fita da bindiga wajen gida, kuma ya zuwa 2023 fiye da rabin jihohinsu sun daina neman takardar izini kafin a ɗauke ta a ɓoye. Wannan dokarsu ce, can ta tsaya. Abin da za mu iya ɗauka daga wurinsu shi ne darasin da suka koya da jini a kan kube da riƙo.

TAKARDA BA TA TSALLAKE IYAKA

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ce ake nema wa lasisi wurin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO, sun sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai a 2006, ta fara aiki a 2009, kuma a cikinta baƙo ba ya shiga wata ƙasa da makami sai ya nemi izini tun kafin ya taso. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma fitar ba ta halatta wa kowa ɗaukar makami ba. Kamaru da Cadi suna cikin yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, Kamaru kuma ta yi sabuwar dokar makamai a 2016.

A taƙaice, izinin da aka ba ka a Maraɗi ba ya aiki a Jibiya, na Kuseri ba ya aiki a Gamboru. In jandarma ko ma'aikacin duwan ya tarar da bindiga a jikinka, kai za a tsare, shanun kuma su yi kwanaki a mota ko a tsare ba ci ba sha, uwar kuɗi ta narke. Saboda haka bayanin da ke tafe na wanda yake da izini na halal ne, cikin ƙasar da ta ba shi.

AIKIN KUBE

Mu mun san kuben wuƙa da na takobi. Na bindiga aikinsa ya fi nauyi, domin wuƙa ba ta yanka wanda ke nesa. Kube nagari abu uku yake yi.

Na farko, ya rufe kunama ruf, ta yadda yatsa, ko bakin riga, ko igiya ba za su kai gare ta ba. Wannan shi ne uwa uba. Bindigogi da yawa na zamani, irin su Glock ta ƙasar Ostiriya, ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa. Duk abin da ya ja kunama, ta tashi.

Na biyu, ya riƙe bindigar kam. A gwada shi da bindiga marar harsashi: a kife kuben a kan katifa, a ɗan girgiza. In ta zame, ba kube ba ne, jaka ce. Mu da muke hawa bayan babbar mota, muna tsalle, muna kokawa da bijimi wajen lodi, mun fi kowa bukatar wannan gwaji.

Na uku, bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare bindiga, don a mayar da ita ba tare da an sa ɗaya hannun a gaban bakinta ba.

Kowace bindiga da kubenta. Wanda aka ce yana shiga kowace iri, ba ya riƙe ko ɗaya yadda ya kamata.

FATA KO ROBA?

Dukawanmu gwanaye ne, amma fatar akuya mai laushi da ake yin laya da jaka ba ta dace ba. Sai kirgin saniya mai kauri, wanda aka gina daidai jikin bindigar. Ko shi ma, gumi da damina suna lausasa shi. Ranar da bakinsa ya fara lanƙwashewa ciki, a jefar da shi, don wannan lanƙwasar kan iya danna kunama lokacin mayarwa. Akwai kuma na roba mai tauri da ake kira Kydex: ba ya shan gumi, ba ya lanƙwashewa, sai dai zafin cikin mota da rana kan sauya masa siffa, kusoshinsa kuma sukan kwance. Na yadi mai araha da ake sayarwa a kasuwa, a bar shi.

Kube kuma sai da ɗamara mai ƙarfi. Tazugen wando ba ya ɗaukar nauyin ƙarfe. Soke bindiga tsirara a ƙugu, ko jefa ta aljihu tare da makulli da goro, neman harbin cinya ne, kuma a cinya akwai babbar jijiyar jini da kan kashe mutum cikin mintoci kaɗan.

A FILI KO A ƁOYE

Mai rataye ta a fili, kowa ya san yana da ita, har ɓarawo. A cunkoson kara ana iya fizge ta ta baya. Shi ya sa 'yan sanda suke amfani da kube mai maɗauri ko maɓallin da sai an danna. Mai ɓoye ta kuwa, tufafinsa ne abin tsoro. Babbar riga, jalabiya, wutsiyar rawani, igiyar laya, duk suna iya shiga zoben kunama. In za a mayar da bindiga, a janye riga da kyau, a duba da ido, a yi a hankali. Babu gaggawa wajen mayarwa.

ƘA'IDOJI HUƊU

Wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, shi ya yaɗa su, kuma har yau su ake koyarwa:

1. Ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, ko da kai ka sauke ta.
2. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, har ƙafarka.
3. Yatsa ya tsaya miƙe a gefe, kada ya taɓa kunama sai an yi niyyar harbi.
4. San abin da ka auna, da abin da ke bayansa. Harsashi yana ratsa zana, langa-langa da ƙofar mota.

Ga kuskuren da ya fi cin rai: mutum ya cire gidan harsasai na fistol, ya ce ai babu komai. Alhali ɗaya ya riga ya hau bututu. A fara cire gidan, sannan a ja saman bindigar baya, a leƙa da ido. In an juya tsarin, wani harsashin ne zai sake hawa.

A GIDA DA MASAUKI

Ƙarƙashin matashi ba ma'aji ba ne. A sauke ta, a kulle a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wuri daban. Yaro ɗan shekara uku yana iya jan kunama. Kada a miƙa wa aboki don ya gani, kada a ara wa yaron mota, kada a fito da ita wajen gardamar ciniki. Mai saurin fushi ya san kansa, ya haƙura da ita. Kada kuma mu fake da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ɗaure raƙuminka tukuna.

SHAWARARMU

Libarba ɗaya ba ta tare mutum goma masu manyan bindigogi. Abin da ya fi tsare mu shi ne tafiya cikin ayari, barin tafiyar dare, tura kuɗi ta banki ko ta waya maimakon ɗaure su a ƙugu, da neman rakiyar hukuma inda hanya ta ɓaci. Wanda yake da izini, ya nemi horo wurin waɗanda hukuma ta yarda da su, kuma in zai tsallake iyaka ya kulle ta a gida.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu ga iyali lafiya. Amin.