Giwa a Hanyar Bawku, Dorina a Mashigi: Abin da Ya Kamata Mai Kwanan Daji Ya Sani

Duk shekara, da zarar gero ya fara nuna, masara ta yi goyo, sai hankalin manoman ƙauyukan Tilli da Widnaba a gundumar Bawku ta Yamma, da na maƙwabtansu na Nabdam, ya tashi. Lokacin ne giwaye ke biyo kogin Jan Volta daga dazuzzukan kudancin Burkina Faso, wajen Kabore Tambi da Nazinga, su shigo Ghana, su ratsa dajin Tilli, wato daidai inda babbar hanyar Bolgatanga zuwa Bawku ta bi. Manomi shi ne ya fi jin jiki, babu shakka, domin garke ɗaya kan share gonar shekara a dare guda. To amma ɗan kasuwar da motarsa ta lalace a wannan daji da buhunan masara ko gyaɗa a baya, shi ma maganar ta shafe shi, kamar yadda ta shafi wanda dare ya riska a bakin kogi yana jiran masu fito.

Kwanan hanya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe a wannan yanki. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni tsakanin Kano da Salaga, wasu ayarin su biyo ta Sansanin Mango su sauka Yendi, wasu kuma su gangaro ta Bawku da Gambaga, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, ayari guda kan tara ɗaruruwan mutane da jakai. Madugu ba ya barin a sauka inda aka ga dama. Akwai zango sananne, a tara kaya wuri guda, a sa dabbobi a tsakiya, a hura wuta, a raba kwanan gadi, saboda ɓarayi da kuma kura. Motoci sun rage tsawon tafiya, sai dai sun tafi da wannan tsari. Yau direba da yaransa da masu kaya kowa gefe yake nema ya shimfiɗa tabarma, a ci abinci, a watsar da ragowa nan inda za a kwanta.

Wannan ragowar abinci ita ce tushen matsalar, kuma ba a nan kaɗai ba. A jihar Minesota ta Amurka, kan iyaka da Kanada, akwai wani makeken daji mai tafkuna fiye da 1,000 da ake kira Boundary Waters, inda mutane ke shiga da kwale-kwale su yi kwanaki suna yada zango a gaɓar ruwa. Abin da ke damunsu can shi ne beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata, mai tsananin jin ƙanshi, wadda babu irinta a dazuzzukanmu. Asalinta gudun mutum take yi. Amma ranar da ta fara samun jakar abinci a wani zango, ta gane hanya ke nan, gobe za ta dawo, jibi ta daina jin tsoro, daga ƙarshe sai an harbe ta. Shi ya sa a 2024 hukumar gandun dajin ta kafa doka cewa dole matafiyi ya rataye abincinsa a bishiya, sama da ƙasa da ƙafa 12, nesa da gindin bishiyar da ƙafa 6, ko kuma ya zuba shi a cikin wata irin tukunya da dabbar ba ta iya buɗewa. Har sabulu da man goge baki suna cikin abin da ake ɓoyewa.

Duk wanda ya taɓa sauka a masaukin baƙi na gandun dajin Mole, kusa da Larabanga, ya ga irin wannan da idonsa. Gwaggon biran wurin sun saba da mutane har sukan fizge leda a hannun baƙo, su hau tebur su ɗauke abinci. Ba haka aka halicce su ba, masu miƙa musu ayaba don ɗaukar hoto ne suka koya musu. Kuma wanda ya zo bayan mai miƙa ayabar shi ke biyan bashin.

To, giwa ba a rataye mata buhu a bishiya, domin bishiyar ma tana iya turewa. Babba takan ci abin da ya kai kilo 150 a rana, ga hanci mai jiyo ƙanshin hatsi da 'ya'yan itace daga nesa, kuma akasari da dare take fitowa. Saboda haka idan larura ta tsayar da mota a dajin Tilli ko kusa da shi, abin da ya fi shi ne a san yadda za a ja ta zuwa gari kafin magariba, ko da kuwa za a biya kuɗin ja. Idan hakan ya gagara, kada kowa ya kwana a kan lodi ko a ƙarƙashin mota mai hatsi. A rufe kaya da tamfol, mutane su ja nesa, su zauna wuri guda, a bar wuta tana ci, a samu mai gadi da tocila mai haske. A duba ƙasa tun da rana: inda aka ga sawu kamar faranti, da ɗanyen kashi, da karyayyun rassa, hanyarsu ce, ba wurin kwana ba.

Idan kuwa aka yi kiciɓis, a lura da halinta. Giwar da ta baza kunnuwa tana kaɗa kai tana ƙara, gargaɗi take yi, sai a ja da baya sannu a hankali, a nemi wani babban abu ya shiga tsakani. Uwa mai ɗa ta fi kowacce haɗari. Direbobi su daina danna mata oda ko matsa mata da mota don ta ba da hanya. A tsaya nesa a jira garken ya gama wucewa. Matasan da ke bin su a baya da waya suna ɗaukar bidiyo kuwa, wannan ganganci ne tsagwaronsa.

Manoman da ke kewayen dajin Kakum a kudancin Ghana sun daɗe suna amfani da wata dabara mai sauƙi, wato a kwaɓa dakakken barkono da baƙin mai, a shafa wa tsumma, a rataya a igiya kewaye da gona, saboda giwa ba ta jure yajin a hanci. Ana kuma ƙona barkono da busasshen kashin dabbobi don hayaƙin. A Kenya shingen amya aka gwada, tunda giwa na tsoron zuma. Mai rumbun ajiya a kasuwar ƙauye da ke bakin daji zai iya aron dabarar barkonon.

Bakin ruwa kuma nasa sha'anin daban ne. Masu safarar doya da busasshen kifi tsakanin Salaga da Yeji sun san kwanan Makango idan jirgin fito ya kuɓuce musu, haka ma masu tsallake Oti da Daka da Farin Volta a kwale-kwale, musamman lokacin da aka buɗe madatsar Bagre ruwa ya yi ambaliya. Dorina ta yi ƙaranci a Ghana, an fi samunta a Baƙin Volta wajen Wechiau da Bui, amma 'yan kasuwarmu ba a Ghana kaɗai suke fito ba. A 2014 wata dorina ta kifar da jirgi a kogin Kwara kusa da Yamai, mutum fiye da goma suka rasu, akasarinsu 'yan makaranta. Ita ba abincin mutum take nema ba, ciyawa take fitowa ci da dare, kuma hanya ɗaya take bi kullum. Wanda ya shimfiɗa tabarma a kan wannan turba ya shiga tsakaninta da ruwa. Kada kuwa, abin da ke jawo shi shi ne hanjin kifi da jinin yanka da ake zubarwa a mashigi, da kuma ɗiban ruwa a wuri guda da duhu. A gyara kifi nesa da inda ake kwana, a binne ƙazantar, a ɗaure awaki can sama da gaɓa.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, giwa da dorina suna cikin dabbobin da dokar Ghana ta hana kashewa, kuma a 2023 majalisar dokoki ta amince da sabuwar dokar kula da namun daji wadda ta maye gurbin ta 1961. Haure ko naman giwa a cikin kaya na iya jawo wa ɗan kasuwa kamu a shingen kwastan, ko da saya ya yi. Idan dabba ta addabi wani zango ko kasuwa, Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ake kai wa ƙara, ta hannun sarkin gari ko wakilin unguwa a majalisar gunduma. Sarakunan zango da shugabannin tasha a Bawku da Zebila za su iya riƙe lambar jami'an yankin, su riƙa sanar da direbobi tun a tasha idan an ga garke kusa da titi.