Me matuƙan jirgin sama ke yi idan tayoyi suka ƙi fita?

Ranar 1 ga watan Nuwamban 2011, wani jirgin Boeing 767 na kamfanin LOT ya sauka da cikinsa a birnin Warsaw na ƙasar Poland, ɗauke da mutane 231, bayan da tayoyinsa suka ƙi fita. Babu wanda ya ji rauni.

Jirgin ya taso ne daga Newark a Amurka, kuma kimanin rabin sa'a da tashinsa man haidirolik da ke tura tayoyin ya tsiyaye.

A yawancin jiragen fasinja, matuƙi yakan tabbatar tayoyi sun fita sun kuma kulle ne ta hanyar wasu korayen fitilu da ke gabansa. Idan ɗaya ta ƙi kamawa, sai ya fasa sauka, ya sake ɗagawa sama, ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage.

Daga nan matuƙan biyu kan raba aiki: ɗaya ya riƙe tuƙi, ɗayan kuma ya buɗe littafin matakan gaggawa.

Wannan rabon aiki da asarar rayuka aka koye shi. A watan Disamban 1972, wani jirgin Eastern Air Lines ya faɗi a fadamar Everglades kusa da Miami, mutane 101 suka rasu. Hankalin matuƙan duka ya tafi ga fitilar tayar gaba da ta ƙi kamawa, ba su lura cewa jirgin na yin ƙasa sannu a hankali ba. Ashe tayar lafiyarta lau, ƙwan fitilar ne ya mutu.

Idan ta tabbata matsalar ta gaske ce, akwai hanya ta biyu. Akan saki ƙugiyoyin da ke riƙe da tayoyin, nauyinsu ya jawo su ƙasa har su kulle. Wani lokaci kuma jirgin kan yi ƙasa-ƙasa ya gifta ta gaban hasumiyar filin jirgi domin a duba masa da ido. A Warsaw, jiragen yaƙi samfurin F-16 ne suka yi wannan aiki, suka tabbatar wa kyaftin Tadeusz Wrona cewa ko taya ɗaya ba ta fita ba.

Sai batun mai. Jirgi mai nauyi yana buƙatar gudu sosai wajen sauka, ga kuma haɗarin gobara. Wasu manyan jirage na iya zubar da mai a sararin sama, wasu kuwa sai dai su yi ta shawagi har ya ragu.

Haka jirgin JetBlue samfurin Airbus A320 ya yi a watan Satumban 2005, lokacin da tayar gabansa ta juya a karkace. Ya shafe fiye da sa'o'i biyu yana kewaye kafin ya sauka a Los Angeles, fasinjoji kuwa na kallon labarin jirgin nasu kai tsaye a talabijin ɗin kujerunsu. Matuƙin ya fara ɗora tayoyin baya, ya riƙe hancin jirgin a sama iya iyawarsa kafin ya sauke shi.

Kafin irin wannan sauka, ma'aikatan jirgi kan nuna wa fasinjoji yadda za su sunkuyar da kai da kuma ƙofofin fita, motocin kashe gobara kuma su yi shiri a gefen titin sauka.

A Warsaw har kumfar kashe wuta aka fesa a titin. Masu bincike sun gano daga baya cewa wani ɗan makunni mai aikin fis, a ƙasa-ƙasa bayan kujerar mataimakin matuƙi, shi ne ya katse wutar hanya ta biyun. Bayan an ɗaga jirgin aka mayar da makunnin, tayoyin suka fita.